Gwajin Homon a Fitsari: Hanyar Gano Cuta ce ko Asarar Kuɗin Mara Lafiya?

Wata ƙanwata da ke aure a wani ƙauye na ƙasar Roni ta shekara shida a ɗakin miji ba ta taɓa ko ɓatan wata ba. Ranar da na je gaishe su, muna zaune a tsakar gida bayan la'asar, sai ta matso kusa ta miƙo mini wayarta, ta sassauta murya don kada surukarta ta ji. "Yaya, don Allah duba mini wannan. An ce da fitsari kaɗai za a gano abin da ya hana ni haihuwa." Bidiyo ne na wata mata tana bayani cewa duk macen da al'adarta ke rikicewa, ko take fama da kasala, ƙiba, rashin barci ko rashin sha'awa, to homon ɗinta ne ya hargitse, kuma akwai gwajin fitsari da zai fayyace komai dalla-dalla. Ƙanwar tawa har ta riga ta yanke shawarar sayar da akuyarta ɗaya.

Na ce ta dakata in yi tambaya. Da na tambayi ma'aikatan lafiya da na sani a Kazaure da Kano, sai na tarar su kansu bakinsu bai zo ɗaya ba. Wasu suka ce gwajin fitsari na homon ilimi ne tabbatacce da ya kamata ya iso mana tun tuni. Wasu suka ce a yadda ake tallarsa yanzu, hanya ce ta raba talaka da ɗan abin da ya tara. Kowane ɓangare yana da hujja mai nauyi, shi ya sa na ga ya dace a baje maganar a faifai.

Homon dai sinadarai ne da jiki ke kerawa a wani wuri, jini ya kwashe su ya kai saƙo wani wurin. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu da ke zaune kamar hula, likitoci suna kiransa adirinal. Shi ke fitar da kotizol, wanda ke riƙe da sukarin jini da bugun jini da juriyar jiki lokacin ciwo ko tashin hankali. Shi ne kuma ke fitar da sinadarin da ke daidaita gishiri a jiki, da wanda ke sa zuciya bugawa da sauri idan an firgita. Homon ɗin jinsi kuwa, wato istirojin da furojestiron na mata da testostiron na maza, galibi daga ma'ajiyar ƙwan mace da 'ya'yan marainan namiji suke fitowa. Idan sun gama aikinsu, hanta ta sarrafa su, ƙoda ta tace ragowar ta zubar a fitsari. Don haka fitsari yana ɗauke da sawunsu. Ana bin wannan sawu ta hanya uku: tsinken gwaji da ake tsomawa a gida, tara fitsarin awa 24 cur a jarka, da kuma sabon salon jiƙa takarda da fitsari sau huɗu ko biyar a yini, a shanya ta ta bushe, a aika ɗakin gwaje-gwaje. Mafi shahara a wannan salo shi ne wanda ake kira DUTCH, na wani kamfani a jihar Oregon ta Amurka.

Abin da magoya baya ke cewa

Hujjarsu ta farko tarihi ce. Karanta lafiyar mutum a fitsarinsa ba baƙon abu ba ne a likitanci. Ibn Sina, a littafinsa Alƙanun, ya yi dogon bayani kan launin fitsari da kaurinsa da abin da ke kwanta a ƙasansa. A 1927 wasu likitoci biyu a Balin ta Jamus, Aschheim da Zondek, suka gano cewa fitsarin mai ciki yana ɗauke da wani homon da za a iya ganewa idan an yi wa ɓeraye allurarsa. Bayan su, a shekarun 1930, aka koma amfani da wani kwaɗo na kudancin Afirka: a yi masa allurar fitsarin mace, idan ya saki ƙwai cikin yini guda to tana da ciki. Daga nan aka taho har aka iso tsinken gwajin ciki da yau ake samu a kusan kowane kemis daga Kazaure zuwa Babura. Suka ce macen da ta yarda da layi biyu a jikin tsinke ta riga ta yarda da gwajin homon a fitsari, ko da ba ta san sunansa ba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, domin ta shafi yadda jiki ke aiki. Kotizol ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yana hawa ƙololuwa da sassafe, ya riƙa sauka a hankali, ya kai ƙasa wajen tsakar dare. Tsoro da gajiya da zafin ciwo duk suna ɗaga shi. Ka ɗauki dattijuwar da ta taso daga Gwiwa tun asuba, ta sha jijjigar mota, ta yi awa uku a layi ba ta karya ba, sannan ga allura ta nufo hannunta. Jinin da za a ɗiba zai nuna halin da take ciki a wannan mintin ne kawai. Fitsarin awa 24 kuwa yana tara lissafin yini da dare gaba ɗaya. Saboda haka ne ƙungiyar likitocin homon ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2008, ta sanya shi cikin gwaje-gwajen farko na gano cutar Cushing, wato yawaitar kotizol a jiki, wadda ke kawo kumburin fuska, taruwar kitse a ciki da ƙeya, siririn hannu da ƙafa, jar nankarwa mai faɗi, hawan jini da ciwon suga. Akwai ma wata fa'ida ga mata: ƙwayar tazarar haihuwa mai istirojin tana ɗaga adadin kotizol da ake gani a jini ba tare da wata cuta ba, amma ba ta cika ruɗa sakamakon fitsari ba.

Sun ƙara da wani ƙari da ke fitowa a adirinal, wanda ke sa jini ya riƙa hawa farat ɗaya tare da ciwon kai, zufa da bugun zuciya. Mai irin wannan ciwo kan shekara yana shan maganin hawan jini ba sauƙi, wasu ma a ce iska ce ta taɓa su, alhali gwajin fitsari na awa 24 na iya nuna shi, tiyata kuma ta raba shi da ciwon.

Amsar masu suka

Masu suka ba su musa ko ɗaya daga cikin wannan ba. Tambayarsu ita ce: mutum nawa ke da waɗannan cututtuka a tsakaninmu? Cushing da ke tasowa daga cikin jiki, mutum biyu ko uku ne cikin miliyan ke kamuwa da ita a shekara. Jigawa gaba ɗayanta, a ƙidayar 2006, mutum miliyan huɗu ne da 'yan kai. Ko an ninka wannan adadi, masu cutar a shekara ba su cika motar bas biyu ba. Amma je ka tsaya a ƙofar Babban Asibitin Kazaure ka ƙirga masu kukan kasala da ciwon jiki a yini ɗaya. Mafi yawansu ƙarancin jini ne, ko zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon suga, ko haihuwa a kai a kai ba hutu, ko damuwar da rayuwa ta ɗora musu. Duk waɗannan ana gano su da gwaji mai araha da ke nan kusa da gida.

A nan ne suka kawo maganar da ta fi tsaya mini a rai. Suka ce Cushing ɗin da ke yawo a garuruwanmu ba daga ƙari take zuwa ba, daga kanti take zuwa. Ƙwayar da ake kira sha ka fashe, wadda 'yan mata da amare ke sha don su ciko kafin biki, sau da yawa dekzametazon ce, wato kotizol na roba mai ƙarfin gaske. Man bilicin da yawa suna ɗauke da 'yan'uwanta, irin su kulobetazol da betametazon, kuma fata tana tsotse su su shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ba da rahoton cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da kayan sauya launin fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Haka nan wasu haɗe-haɗen maganin ciwon gaɓɓai da ake sayar wa tsofaffi a leda ba sa rasa irin wannan ƙwaya.

Abin lura shi ne yadda gwajin fitsari ke kasancewa ga mai shan waɗannan. Jiki idan ya ga kotizol na shigowa daga waje, sai adirinal ya daina kera nasa. Mace za ta zo da kumburarriyar fuska da nankarwa da al'adar da ta ɗauke, a auna fitsarinta, a ga kotizol ya yi ƙasa ƙwarai. Wanda takarda kaɗai ya karanta zai ce adirinal ɗinta ya gaji, ya rubuta mata ƙarin magani. Wanda ya zaunar da ita ya ce, "Hajiya, wane mai kike shafawa? Akwai ƙwayar da kike sha ba likita ne ya rubuta ba?" shi ne zai gano ciwon, kuma bai kashe mata ko sisi ba. Shi ne kuma zai gargaɗe ta kada ta yanke shan ƙwayar dare ɗaya, domin adirinal ɗin da ya daɗe yana barci ba ya farkawa nan take. Yankewa farat ɗaya na iya kawo amai, faɗuwar jini, suma, har da rasa rai. A hankali ake janyewa, ƙarƙashin kulawar likita.

Magoya baya sun dawo

Suka ce to, an ji, amma a duba nisa. Ƙwararren likitan homon sai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko kuma a nufi Dutse. Daga Kazaure zuwa Kano wajen kilomita 80 ne, wanda kuma ya fito daga ƙauyukan Babura na bakin iyakar Nijar ko lungunan Gwiwa sai ya ƙara wata tafiyar kafin ya hau kwalta. Jinin da za a auna homon yana buƙatar mai ɗiba, da na'urar tacewa, da firiji, da wutar da ba ta ɗaukewa. Takardar da aka jiƙa ta bushe ba ta buƙatar ko ɗaya: a sa ta a ambulan, direban mota ya kai. Kuma ba sabon tunani ba ne a ƙasar nan, domin an daɗe ana ɗiga jinin jarirai a takarda, a busar, a aika manyan ɗakunan gwaji don duba cutar ƙanjamau. Me zai hana fitsari ya bi wannan hanya?

Ga kuma kunya. Mace da yawa ba za ta iya buɗe baki ta yi wa namiji baƙo bayanin al'adarta ba, namiji kuma ya gwammace ya mutu da ciwonsa da ya furta cewa ƙarfinsa ya ragu. Gwajin da mutum zai yi a ɗakinsa, ba allura, ba mai kallo, yana iya zama ƙofar da za ta kai shi asibiti. Sun ba da misali da tsinken gano lokacin sakin ƙwai, wanda ke nuna tashin wani homon awa 24 zuwa 36 kafin ƙwan ya fito. Ga matar da mijinta ɗan ci-rani ne, ko mai kishiyoyi da ake rabon kwana, sanin waɗannan ranaku ba ƙaramin amfani ba ne.

Sun kuma nuna cewa ilimin yana gaba. A 2020 aka wallafa wani bincike da masana na Jami'ar Birmingham ta Ingila suka jagoranta a kan mutum kusan 2,000 masu ƙari a adirinal, wanda ya nuna cewa nazarin ragowar homon a fitsari, haɗe da hoton sikanin, yana taimakawa wajen bambance ƙarin daji da wanda ba shi da illa.

Masu suka sun ƙara

Wancan bincike, in ji su, a kan mutanen da aka riga aka ga ƙari a jikinsu aka yi shi, a manyan asibitoci. Abin da ake tallata wa ƙanwata daban ne. Tushen tallar shi ne wai akwai ciwo mai suna gajiyar adirinal. Wani mai maganin gargajiyar Turawa, James Wilson, shi ya ƙirƙiro sunan a 1998. A 2016 wasu likitoci biyu 'yan Birazil, Cadegiani da Kater, suka tattara bincike 58 da aka yi a kan batun suka tace, suka ce babu hujjar da ta tabbatar da wanzuwar wannan ciwo. Ƙungiyar likitocin homon ta Amurka ma ba ta amince da shi ba. Ciwon gazawar adirinal na gaskiya, wanda Thomas Addison ya bayyana a Landan a 1855, yana nan, kuma tarin fuka na cikin manyan masu haddasa shi a ƙasashe irin namu. Alamunsa rama ne, da duhun fata har cikin tafin hannu da dasashi, da jiri, da kwaɗayin gishiri. Amma da jinin safe da wata allurar gwaji ake tabbatar da shi, fitsari ba ya wadatarwa.

Haka abin yake ga homon ɗin jinsi. Testostiron na namiji a jinin safe ake auna shi. Furojestiron da ke nuna ko mace ta saki ƙwai, a jini ake dubawa mako guda kafin al'ada. Homon ɗin nono da na maƙogwaro, waɗanda ke yawan tsayar da al'ada, su ma a jini suke. Matar da ta zubar da jini da yawa wurin haihuwa, daga nan nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ƙi dawowa, ƙarfi ya ƙare, tana iya kasancewa da lalacewar wani ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, kuma wannan ma jini ne ke nuna shi. Macen da ta haura shekara 45 al'ada ta fara yi mata wasa, galibi ba ta buƙatar wani gwaji kafin a san shekaru ne suka zo.

Game da rashin haihuwa kuwa, suka ce a nan ne asarar ta fi ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fuskantar wannan jarrabawa a wani lokaci na rayuwarsa. A Afirka, toshewar bututun mahaifa sanadin ciwon sanyi, ko ƙwayoyin cuta bayan haihuwa ko ɓari, na kan gaba wajen hana mata ɗaukar ciki, kuma homon ɗin mai toshewar yana iya fitowa lafiya lau. A wuraren da ake wanka da wanki a dam da kududdufi, kamar yadda ake yi a ƙasar Kazaure, tsargiya ma tana iya taɓa mahaifa. Sannan a kusan rabin ma'auratan da ba su haihu ba, akwai hannun namiji a matsalar. Gwajin maniyyi yana da sauƙi da araha, amma shi ne wanda ake gudu. Mijin ƙanwata, da na taɓo masa maganar a zaure, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ni fa lafiyata ƙalau." Shekara shida ita kaɗai ke yawon asibiti da gidan masu magani.

Sun kuma tuna wahalar tara fitsarin kansa. Ana zubar da na farkon safiya, daga nan duk ɗigon da ya fito har na safiyar gobe sai ya shiga jarka. A watan Afrilu, zafi ya haura maki 40, ba firiji, sai dai a binne gindin jarkar a jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Fitsari najasa ne, mace tana kaffa-kaffa da tufafin sallarta, ga yara, ga idon abokiyar zama. Idan an manta sau ɗaya, ko ruwan tsarki ya shiga, ko an sha ruwa fiye da kima, ko ƙoda ba ta da lafiya, sakamako ya karkace. Shi ya sa likitoci ke neman a maimaita aƙalla sau biyu. Takardar da aka busar ta rage wannan wahala, amma kuɗinta daloli ne masu yawa, kuma ma'aunin da ake gwada sakamakon da shi ba a jikin mutanenmu aka gina shi ba. Idan aka auna abu talatin a jikin mai cikakkiyar lafiya, da wuya a rasa ɗaya ko biyu da suka ɗan kauce. Mai sayar da gwajin kuma sau da yawa shi ne mai sayar da maganin gyaran abin da ya kauce.

Inda na tsaya

Bayan na saurari kowa, na fahimci cewa abu biyu ne ake kira da suna ɗaya. Akwai gwajin da likita ke nema bayan ya ji labarin mara lafiya, ya duba jikinsa, ya yi zargin wata cuta takamaimai. A wannan, magoya baya ke da gaskiya, kuma abin takaici ne a ce mai Cushing ko mai ƙarin adirinal da ke sa hawan jini a Roni zai shekara biyar ba a gano shi ba don babu wanda ya tura shi Kano. Akwai kuma gwajin jimla da ake sayar wa duk mai kasala ko mai neman haihuwa ba tare da an tambaye shi komai ba. A wannan, hujjar masu suka ta fi nauyi, kuma ban ji amsar da ta ture ta ba.

Abin da ban iya yankewa ba shi ne makomar busasshiyar takarda. Hujjar nisa da zafi da rashin wuta hujja ce ta gaske, kuma babu wanda ya fi mu buƙatar gwajin da zai jure hanya. Idan masana a Jami'ar Bayero da asibitin Malam Aminu Kano suka gwada ta a kan mutanenmu, suka kwatanta da jini da fitsarin awa 24, suka ga ta yi daidai, kuma kuɗinta ya sauko, to wataƙila wata rana ita ce za ta kawo ƙwararren likita kusa da Gwiwa ba tare da ya taso daga Kano ba. Wataƙila kuma binciken ya nuna ba ta kai ba. Mai karatu na iya ganin cewa amfanin gwadawa tun yanzu ya fi haɗarin jira, musamman idan yana da halin biya, kuma ba zan ce ya yi wauta ba matuƙar likita ne zai karanta masa sakamakon.

Ƙanwata dai ba ta sayar da akuyar ba. Kira na ga duk wanda aka nuna wa irin wannan talla a Kazaure, Babura, Roni ko Gwiwa: kafin ka biya, je asibiti mafi kusa da kai, ka tafi da duk ƙwaya da man shafawa da garin maganin da ake amfani da su a gidan, ka tambayi likita wace cuta ake nema da wannan gwaji, da abin da zai canza a magani idan sakamako ya fito. Idan kuma haihuwa ake nema, maigida, ka tashi ku tafi tare, a fara da kai.